Blackpool daga sama: garin da hutun mako guda ya gina

Sana'ata safiyo ce, kuma duk wanda ya daɗe yana zanen taswira akwai wata ɗabi'a da ke kama shi: ba ya yarda ya san gari sai ya gan shi daga sama. A ƙasa, abin da gari ya ga dama shi yake nuna maka, fenti da allunan talla da ƙofofi masu kyau. Daga sama kuwa ba shi da yadda zai ɓoye maka ƙeyarsa. Shi ya sa da Kawu ya zo mana ziyara nan Preston ta ƙasar Ingila a watan Agusta, ya ce a kai shi ya ga teku, ban tsaya da shi a bakin ruwa ba. Jirgin ƙasa muka shiga, tafiyar kamar rabin sa'a, muna sauka Blackpool na ja shi sai hasumiya. Kawu tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri ta Kaduna, ya yi shekaru a gaban inji kafin masaƙun su durƙushe, don haka na san idonsa zai kama abin da na wani ba zai kama ba.

Tsayin hasumiyar mita 158. An buɗe ta ranar 14 ga Mayu 1894, kuma ba wanda ya taɓa ɓoye cewa kwaikwayo ce. John Bickerstaffe, magajin garin Blackpool, ya je babban baje-kolin Paris na 1889, ya ga hasumiyar Eiffel, ya dawo ya ce su ma sai sun yi tasu. A lokacin ta Paris ta kusa ninka ta a tsayi, amma mutanen Lancashire, yankin da Blackpool take, 'yan kasuwa ne. Ta Paris ƙafafunta a fili suke, kana iya wucewa ta ƙarƙashi. Ta Blackpool kuwa an kewaye ƙafafunta da ƙaton ginin jan bulo, aka zuba masa zauren rawa, da dandalin 'yan tsalle-tsalle da barkwanci a tsakanin ƙafafun nan huɗu, a zamanin da har da gidan kifaye da namun daji. Ruwan sama ne dalili. A wannan gaɓar, in ba ka tanadar wa baƙo inda zai fake ya ci gaba da kashe kuɗinsa ba, ka yi asarar ranar. Magina biyun da suka zana ta, James Maxwell da Charles Tuke, duka sun rasu kafin a gama aikin. Iskar gishiri kuma ba ta raga wa ƙarfen ba, sai da aka bi shi aka sauya a farkon shekarun 1920.

Lif na ajiye ka a wajen mita 116 daga ƙasa, inda aka shimfiɗa daɓen gilashi. 'Yata ta ruga ta tsaya a kai tana tsalle, titi da kawunan mutane can ƙarƙashin takalminta. Kawu ya toge a bakin ƙarfe, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya.

"Amarya, sauko daga nan kar ki bar ni gwauro," ya ce mata. Sannan ya juyo gare ni: "Kai mai safiyo, me zai sa mutum mai iyali ya taka gilashi a sararin Subhana?"

Ban matsa masa ba. Abin da na kawo shi ya gani ta taga ake ganinsa.

In ka fuskanci yamma, teku ce. Ranar ruwa ya janye, yashi ya shimfiɗu har ido ya gaji, ga gadoji uku sun miƙe sun shiga cikin ruwa ba su haɗa ko'ina da ko'ina ba. Blackpool kaɗai ce a Birtaniya ke da irinsu har uku. Tun asali amfaninsu biyu: wurin da jiragen ruwa masu tururi ke ɗaukar 'yan yawon shan iska, da kuma wurin da mutum zai yi tafiya a kan teku ba tare da ya jiƙe ko ya yi amai ba. Ta arewa ce babba, an buɗe ta a 1863, aikin injiniya Eugenius Birch, tsawonta kusan mita 500. A da kuɗin shiga ake biya, kuma an yi haka ne don a tace mutane: masu hali su yi tattaki a hankali cikin kwat da laima, makaɗa na busa musu. Bayan shekara biyar, a 1868, aka buɗe ta tsakiya, wadda ta zama ta talakawa, inda ma'aikata ke cashewa da rawa a fili tun safe. Ta kudu ta zo a 1893. A ƙasa sai ka ɗauka gadoji uku ne kawai masu lilo da shagunan alawa. Daga sama ne za ka ga kowace ta yi daidai da inda wata tashar jirgin ƙasa ke zubar da mutanenta: ta arewa tana ƙarshen titin Talbot da ya sauko daga tashar arewa, ta tsakiya kuma tana kusa da inda babbar tashar tsakiyar gari take a da.

Amma ni ba don teku nake hawa ba. Na ce wa Kawu ya zagayo ta gabas.

Duk abin da ake sa wa a katin hoto, wato hasumiya da otal-otal da titin bakin ruwa da layin taragon lantarki, siriri ne, faɗinsa bai wuce gida ɗaya ko biyu ba. Bayansa kuwa layuka ne na gidajen jan bulo masu baƙin rufi, manne da juna, layi bayan layi, sai ka ce kunyoyin gonar da aka gama yi wa huɗa. In ka zuba ido sosai za ka ga kusan kowane gida an yi masa ƙari. An cinye tsakar gidan baya da ɗakuna, an huda rufi an fitar da taga don a sami ƙarin ɗaki a sama, wani an ɗora masa bene guda da bulon da bai yi kala ɗaya da na ƙasa ba. Waɗannan su ne masaukan baƙi, kuma a ganina su ne ainihin Blackpool. Kowane ƙarin nan gado ne da aka ƙara, kowane gado kuma kuɗin da zai riƙe mai gidan har wata shekara.

Su wa ke kwana a gadajen? Ma'aikatan masaƙun auduga na Lancashire: Oldham, Bolton, Blackburn, Burnley, Rochdale, da nan Preston. Kowane gari yana da tsohon bikin cocinsa na shekara, kuma a ƙarni na 19 bikin ya rikiɗe ya zama mako guda da ake rufe dukan masaƙun garin. Ba a haɗa su lokaci guda ba, wannan gari yau, wancan mako mai zuwa, daga Yuni har Satumba, abin da ya sa Blackpool ke cike duk tsawon lokacin zafi. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya saki hular.

"Gaba ɗaya? Har tukunyar tururi?"

Na ce har ita.

"To ai ba don Allah suka ba su hutun ba," ya ce. "Tukunya ba ta wankuwa sai ta huce, kuma ba ta hucewa a kwana ɗaya. Ga bel-bel da za a sauya, ga ƙurar auduga da ta toshe ko'ina. Hutun injin ne, mutum ya raɓa ya samu."

Bai karanta tarihin Lancashire ba, amma abin da ya faɗa haka yake. A makon nan ne masu masaƙa ke gyaran injuna, kuma ba a biyan ma'aikaci ko kwabo. Dokar da ta fara maganar hutu da albashi sai a 1938 ta zo. Kafin nan asusu suke yi: kowane mako a zuba wani abu a ƙungiyar masaƙa ko ta coci ko ta unguwa, ana gobe tafiya a raba. Sai gari ya tashi kacokan. Shaguna a rufe, tituna wayam, mutum ya je bakin teku ya tarar da maƙwabcinsa da wanda suke aiki a inji ɗaya da surukarsa duk a kan yashi guda. Har masaukin ma ba a canzawa. 'Yan gari kaza sun san matar da ke sauke su, sau da yawa ita ma 'yar garinsu ce da ta tara ɗan jari ta koma Blackpool. Tsarin kuwa na masu lissafi ne: kai za ka sayo namanka da dankalinka, ita ta dafa maka, ta caje ka kuɗin gado da na wuta, har da 'yan kwabban gishiri da barkonon da ke kan tebur. Matan nan sun yi suna wajen tsanani, har yau 'yan barkwancin Ingila ba su gama da su ba. Ni dai ban ga laifinsu ba. Wadda za ta ci shekara da cinikin wata uku ko huɗu dole ta ƙirga gishiri.

Alƙaluma sun nuna saurin abin. A 1801 mutanen wurin ba su kai 500 ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1846. A 1881 sun kai kusan 14,000, a 1901 kusan 47,000, a 1951 kusan 147,000. Ba tashar manyan jiragen ruwa, ba ma'adini, ba masaƙa. Yashi da iska kawai suke sayarwa.

Ni ɗan Funtuwa ne, don haka maganar auduga ba ta wuce ni haka nan. Masu masaƙun nan ne suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya a Manchester a 1902, saboda sun gaji da dogaro da audugar Amurka, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi sa wa rai. Ita ce ta kafa injunan gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ma da lissafin auduga aka ja shi, sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, audugar da ake da ita kuma masaƙan gida suka riƙa taya ta da tsada fiye da Turawa. Mafi yawan abin da injunan Lancashire suka ci daga Amurka ya ci gaba da zuwa, amma akwai dilolin da suka taso daga ƙasarmu. Daga baya abin ya juya: masaƙar farko ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lancashire, David Whitehead and Sons, aka kafa ta. Da na gaya wa Kawu sai ya yi shiru, ya ƙara leƙa rufin gidajen.

Daga saman hasumiyar, in ka kalli kudu, akwai wani abu da ke damun idon mai safiyo: wani dogon fili a tsakiyar gari, ya faɗaɗa a nan kusa, ya tsuke yana tafiya kudu, cike da motoci a ajiye. Gari mai cunkoso irin wannan ba ya barin fili haka sai da dalili. Nan ne babbar tashar tsakiya take, mai dandamali 14, inda jirage na musamman ke sauke ma'aikata dubu-dubu ranar Asabar, 'yan taku kaɗan daga yashi. An rufe ta a Nuwamba 1964. Abin mamaki, rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa na lokacin, wanda ya yi wa layukan dogon Birtaniya yankan rago, tashar arewa ya ce a rufe. Hukumar garin ce ta nemi a rufe ta tsakiya, don tana kwaɗayin filin. Shekara sittin ke nan ana zana abin da za a gina a wurin, mafi yawansa har yau mota ce ke kwana a kai. Hanyar da dogon ya bi ta zama titin mota da ke haɗewa da babbar hanyar M55, wadda aka buɗe a 1975. Tashar ta tafi, amma siffarta tana nan, daga sama kana iya bin ta da yatsa.

Wanda bai iya zuwa ba ma yana iya ganin duk wannan, har ya ga abin da ni ban tarar ba. A 1919 wani tsohon mai leƙen asiri ta jirgin sama a yaƙin duniya na farko, Francis Wills, ya haɗa kai da matuƙi Claude Grahame-White suka kafa kamfanin Aerofilms. Aikinsu ɗaukar hoto daga jirgi, mai hoto ya leƙo da ƙatuwar kyamara iska na dukansa, su sayar wa masu katin gaisuwa da masana'antu da hukumomin garuruwa. Garuruwan bakin teku na cikin manyan abokan cinikinsu, tunda kowanne na so a ga yashinsa ya fi na maƙwabci. A 2007 hukumomin adana kayan tarihi na Ingila da Scotland da Wales suka sayi tarin, hotuna sama da miliyan guda, aka sa kusan 95,000 mafi tsufa, na 1919 zuwa 1953, a intanet da sunan Britain from Above. A hotunan Blackpool na tsakanin yaƙoƙin biyu, tashar tana nan da taragai jere, yashi kuma ba masaka tsinke. Akwai ƙaton lilon ƙarfe mai kewayawa da aka kafa a 1896 aka rushe a 1928. Akwai makeken wurin ninƙaya na fili a unguwar kudu, wanda aka buɗe a 1923 aka rushe a 1983. Wanda ya ɗauki hotunan talla yake yi, bai san yana rubuta tarihi ba, kuma abin da na fi so a ciki shi ne gefen hoton, bayan gidaje da shanyar zannuwan gado, wanda ba shi aka aike shi ya ɗauko ba.

Cikin irin waɗannan hotuna na gane cewa kowane garin shaƙatawa yana ɗauke da zamaninsa a siffarsa. Scarborough, a gabas, ta girmi saura. Ruwan magani aka gano a gindin dutsenta a wajen 1626, kuma zanen garin na shekarun 1730 ya riga ya nuna amalanken wanka a bakin ruwa, ɗakin katako mai ƙafafu da ake ja cikin teku don mutum ya tuɓe ba a gan shi ba. Babban otal ɗinta na 1867 daga ƙasa dutse ne kawai na bulo, sai daga sama za ka ga an gina shi da siffar harafin V, ana cewa don girmama Sarauniya Victoria. Brighton, a kudu, likita ne ya tashe ta, Richard Russell, wanda a 1750 ya rubuta cewa ruwan teku magani ne, a yi wanka da shi, a kuma sha. Yarima mai jiran gado ya biyo baya, ya gina fadar nan mai ƙubbobi irin na Indiya, wadda a yaƙin duniya na farko aka mayar asibitin sojojin Indiya, Musulmin cikinsu da ɗakin girkinsu daban da tantin salla. Skegness kuwa ta zo da sabon salo a 1936, sansanin hutu na Billy Butlin: ƙananan ɗakuna a jere, da filin taro, da zauren cin abinci. Daga sama ba ka bambanta shi da bariki, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1939 sojojin ruwa suka karɓe shi suka mayar da shi barikin.

Ita ma Blackpool ta yi nata zamanin ruwan magani kafin dogo ya zo. William Hutton, wani marubuci daga Birmingham da ya ziyarce ta a 1788, ya ce ƙararrawa ake kaɗawa in lokacin wankan mata ya yi, duk namijin da aka gani a bakin gaɓa kuma tararsa kwalbar giya guda. Kawu ya ce dokar ta yi, tarar ce dai ba ta yi ba.

Shi ne kuma ya hango jakunan. Ɗigo-ɗigo ne a kan yashi, a jere, yara a bayansu. Tun zamanin Victoria suke wannan aikin, kuma suna da dokarsu: ba a ɗora musu wanda ya wuce kilo 50 ko makamancin haka, suna da hutun cin abincin rana, likitan dabbobi na duba su kowace shekara, kuma ba sa aiki ranar Juma'a. Sai da ya sa na maimaita.

"Jaki da ranar hutu? Kuma Juma'a?" Ya yi dariya har da tari. "In na koma na faɗa a majalisa, cewa za su yi Ingila ta koya mini ƙarya."

Taragon lantarkin da ke bin gaɓa tun 1885 yake aiki, kuma shi kaɗai ne a Birtaniya bai taɓa rufewa ba lokacin da sauran garuruwa suka tuge nasu. Fitilun ado na bakin teku kuwa da guda takwas aka fara a 1879, yau suna kai wajen kilomita 10. Dabarar kasuwa ce ita ma: a kunna su a ƙarshen Agusta, a ja lokacin baƙi ya shiga kaka.

Abin da ya karya garin ba ɓoyayye ba ne. Masaƙun Lancashire suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, makon hutun gari ya watse. Daga shekarun 1960 kuma jirgin sama mai araha ya fara kwasar ma'aikacin Ingila zuwa gaɓar Sifaniya, inda rana tabbas ce. Mutane ba su daina zuwa Blackpool ba, har yau miliyoyi ne, sai dai da mota suke zuwa da safe su koma da dare, ba mai bukatar gado. Layukan nan na bayan hasumiya su suka sha wuya. Masaukai da yawa an yayyanka su ɗaki-ɗaki ana ba da haya da araha ga waɗanda rayuwa ta kayar daga wasu garuruwa. A ƙididdigar gwamnati ta 2019, cikin unguwanni goma mafi talauci a Ingila takwas a Blackpool suke, kuma galibinsu daga tagar nan kana ganinsu. Hasumiya tana da kariyar doka mai daraja ta ɗaya, hukumar garin ma ta saye ta a 2010 tare da zauren Winter Gardens na 1878. Hakan ya yi kyau. Amma in ana maganar kayan tarihi, ido kan tsaya ne a kan ƙarfe da zauren rawa mai ruwan zinariya, alhali mutanen da kwabbansu suka gina su a ƙananan ɗakunan nan na ƙarƙashin rufi suka kwana. Hukumar ta kafa kamfanin da ke sayen tsofaffin masaukai yana mayar da su gidajen zama na kirki, kuma ni wannan aikin ya fi burge ni a kan kowane sabon fenti a titin gaba.

Gadojin ma ba su tsira ba. Cikin kusan ɗari da aka gina a gaɓar Birtaniya a zamanin Victoria, wajen rabi ne suka rage, sauran wuta da guguwa da tsatsa sun ci. Ta yammacin Brighton, wadda shi Birch ɗin ya gina a 1866, an rufe ta a 1975, gobara biyu suka cinye ta a 2003, yanzu ƙwarangwal ɗin ƙarfe ne tsaye cikin ruwa. Ta arewan Blackpool guguwar Disamba 2013 ta yi mata ɓarna, a 2018 kuma Asusun Kare Gine-ginen Tarihi na Duniya ya sa duka ukun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda hauhawar teku da tsanantar guguwa. Titin gaba an kare shi da sabuwar katangar siminti mai matakala, wadda daga sama kake ganin ta yi lanƙwasa-lanƙwasa don ta karya ƙarfin igiyar ruwa. Gadojin kuwa suna gaban katangar, kuma ba a hannun gwamnati suke ba, na 'yan kasuwa ne. Kuɗin kankare tsatsa da fentin ƙarfen da ke tsaye cikin ruwan gishiri tun 1863 daga tikitin lilo da kofin shayi yake fitowa.